Makullin Kamfani da Idon Mai Jirgi

Aikin da na fara yi bayan na gama makaranta na wani kamfani ne na Kaduna wanda ban taɓa taka ƙofar ofishinsa ba. Har na bar aikin ban san ko bene ne ko shago ba. Su suna can suna shan fanka, mu muna nan bakin ruwa, mu biyu rak, ni da ogana. Wata ƙungiya ce ta ba kamfanin kwangila, tana son ta san garuruwan da ya kamata ta turo likitocin ido. Namu shi ne mu tashi daga Yelwa mu haura Shanga, mu gangara Ngaski da Warra, mu nemo masu ciwon ido, mu ɗauki bayaninsu a bidiyo, mu aika. Ni ke yin tambaya, domin bakina ba ya gajiya. Oga shi ke riƙe da kwamfuta, mutum ne mai sanyin hali da kunya, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri.

Lokacin wayoyi masu memori ba su daɗe da shigowa ba. Kowane ɗan kabu-kabu yana yawo da waƙa a aljihu, kowace mai tuwo tana da wa'azin da take saurare. Wutar lantarki kuwa sai dai mu ji labari. Ruwan madatsar da ke haska manyan birane a ƙofar gidanmu yake kwance, amma mu sai mun bi layi a shagon mai janareta kafin waya ta sha caji. Wannan abu har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani injiniya siriri ne ya kawo mana kwamfutar daga Kaduna, irin ta ɗora wa cinya. Da ya ga faɗin tafkin sai ya ja da baya, ya ce shi nan tudu ya ishe shi. Ya zaunar da mu a zauren gidanmu ya yi mana bayani. Ya ce sun sa wa na'urar wani irin makulli wanda ba murfi yake rufewa ba, abin da ke ciki yake dagulawa. Da zarar an kashe ta, duk rubutu da hoto da murya sai su cukurkuɗe kamar tarun da aka jefar a kwando, babu mai gane kai balle gindi. Kalmar sirri kaɗai ke warware su, kuma oga ne kaɗai zai san ta, ni ma ban da ni. Oga ya tambaye shi in ɓarawo ya ɗauke fa. Ya ce ko ɓarawon ya farke cikinta ya dasa a wata, shirme zai gani. Na ce in ta faɗa ruwa fa. Ya ce to kifi ma ba zai karanta ba. Sharaɗi biyu ya kafa mana, kada a bar ta a buɗe, kada a buɗe ta ga kowa. Oga ya dafa ƙirji ya ce in Allah ya yarda. Dukanmu ɓarawo da ruwa muke tsoro, a nan tunaninmu ya tsaya.

A Warra akwai wani mai jirgi da kowa ya sani. Ƙato ne, baƙi, mai murya kamar ta mutum uku. In yana bakin kwata yana kiran fasinja, har cikin kasuwa ana jin sa. Tun da aka tare kogin ruwa ya cinye gonaki da tsoffin garuruwa, kututturan itatuwa suka rage a tsaye a ƙarƙashin ruwa, in jirgi ya hau ɗaya sai dai addu'a. Shi aka yarda ya san mazaunin kowanne. Ranar kasuwa mata har faɗa suke yi a kan gurbi a jirginsa, sauran jirage sai nasa ya cika sannan su samu. Inna ta sha ja mini kunne, in zan tsallaka in shiga nasa, in bai nan in haƙura in kwana. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ɗan takarda yake ce mini, kuma bai taɓa ganina ya bar ni na wuce ba tare da ya tsokane ni a kan wandona ba.

Ranar da muka yi aiki a Warra, gindin wata ɗorawa muka zauna. Tsofaffi suka yi ta zuwa, wani da sanda, wata jikarta na jan ta. Baba yana gefe yana ta barkwanci da su, yana cewa a rubuta masa tabarau irin na gwamna. Sai da kowa ya watse, muna naɗe tabarma, ya yafito ni kamar mai son maganar kuɗin jirgi. Ya ja mu zuwa rumfar kwano inda yake ajiye injinsa da jarkokin mai, ya tura ƙyaure. Murya ta sauka, ban taɓa jin ta haka ba.

"Ɗan takarda, wa ka ganin abin ga da kuke ɗauka?"

Na ce likitoci ne kawai, can nesa. Na kwashe bayanin injiniya kaf na juye masa, har da tarun, har da kifin da ba ya karatu. Na yi maganar da ƙarfin zuciya don ni ma na yarda da ita. Oga ya nuna masa yadda in an rufe na'urar take neman kalma, ya ce ko ni da muke cin tuwo tare ban san ta ba. Baba ya shafa gemu, ya ce to mu kunna.

Abin da ya faɗa ya sa na manta tambayoyin da na haddace. Ya ce idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, yana nan a buɗe ne kawai don ado. Na dama kuma kamar ta cikin hayaƙin banda yake gani da shi. Da safe da dama-dama, amma in rana ta kwanta a kan ruwa, fari kawai yake gani fat. Na tambaye shi to yaya yake tuƙi. Ya ce da sabo, da inuwar duwatsun tsallake, da kuma surutun fasinja, domin a kowane jirgi ba a rasa mai tsoron da zai ce ga gungume can. Ya ce a bara ya goga wani kututture har katako ya tsage, ya ɗora laifin a kan inji. Yana magana yana kallon ƙofa, ni kuwa ina kallon idon hagun nan, lafiyayye sumul, wanda na sha ganin yana kashe mini shi in zai yi tsokana.

Ya ce abin da yake so shi ne in likitocin sun zo a yi masa aiki a ɓoye, shi zai ce wa mutane Kontagora ya tafi sayen kayan inji. Sannan ya kamo hannuna.

"Ko mai ɗakina ba ta sani ba. In maganar ga ta hita, jirgina ya mutu, ni ma na mutu da sauran kwanana."

Washegari aiki ya kai mu wani ƙauye a tsallake, kuma jirginsa ne a kwata. Wallahi ban taɓa jin tsawon ruwa irin na ranar ba. Jirgi maƙil da mata da buhunan gero da akuya biyu, Baba a baya riƙe da inji yana zuba barkwanci, rana tana dukan ruwa. Na riƙe katakon gefe gam. Oga ya rungume jakar kwamfuta, leɓɓansa suna motsi tun daga tashi har sauka. Ni na zama mai tsoron jirgin a ranar, ko ciyawa na hango sai na ɗaga murya na ce ga abu can. Baba ya yi dariya ya ce wa mata ɗan takarda ya fi akuya tsoro.

Da muka sauka muka yi ta jayayya ni da oga. Na ce rayukan mutane ne, mu gaya wa shugaban masu jirgi. Ya ce amana ce, mun yi wa mutum alkawari a kan idonsa. Na ce amanar mutum ɗaya ko ta cikin jirgi guda. Ya ce mutumin da ya kawo kansa neman magani ba a biyan sa da tonon asiri. Ba wanda ya ci wani. Abin da muka iya shi ne muka aika bayaninsa Kaduna a gaban na kowa, muka roƙa a gaggauta. Aka amsa mana cewa likitoci sai bayan damina. Muka haɗiye maganar, kowa da nauyinta a ciki.

Bayan 'yan makonni, ina Yelwa, na je aski kusa da tasha da hantsi. Shagon cike da 'yan kabu-kabu masu jiran layi, sun taru a kan wayar ɗayansu suna ƙyalƙyala dariya. Mai aski ya ɗora mini zane a wuya ya fara. Sai na ji wata murya daga wayar tana cewa, to Baba, yaya kake tuƙi? Na ji muryar kamar na san ta, siririya, mai rawar kai. Sai da amsar ta biyo baya, da sabo, da inuwar duwatsu, sannan na gane tawa ce.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na miƙe da zanen a wuya, rabin kai a aske. Na fizge wayar daga hannun mai ita. Ga rumfar kwano, ga jarkokin mai, ga Baba zaune yana kallon ƙofa. Ba na cikin hoton, murya ce kawai, shi ya sa ba wanda ya gane ni. Mai wayar ya taso zai yi faɗa, na tambaye shi inda ya samo. Ya ce wani abokinsa ya tura masa ta bulutut, shi kuma a Warra aka cika masa memori, ya tsinci abin tsakanin wani wa'azi da wasan kokawa. Ya ce ai kowa yana da shi, makahon direba ke nan. Na zauna a kan benci. Mai aski yana tambaya ko zai ƙarasa, ban ma ji shi da kyau ba.

Haka na hau mashin da rabin aski zuwa gidan oga. A hanya ina ta lissafin ɓarayi, ina cewa an sace na'urar ya ɓoye mini, ko kuma injiniyan nan ƙarya ya shirga mana. Na same shi a ƙofar gida, kwamfutar tana kan tabarma kusa da shi, a rufe, lafiyarta ƙalau. Na gaya masa abin da na gani. Fuskarsa ta canza, ya zame ya zauna daɓas. Sannan ya ba ni labari yana kallon ƙasa.

Matar oga 'yar Warra ce. Ubanta ya rasu tana ƙarama, yayanta ne ya riƙe ta, shi ya ba oga aurenta. Wannan yayan shi ke da babban shagon caji na bakin kasuwar Warra, mai janareta da kwamfutar tebur, inda ake cika wa mutane memori. Oga ko sunansa ba ya faɗa, ba ya cin abinci a gabansa, in sun haɗu a hanya sai ya durƙusa. Bayan mun dawo daga tsallake batir ya mutu, ya kai na'urar shagon a kashe, kamar yadda aka ce. Surukin ya karɓa da murna, ya ce yau ga babbar baƙuwa, ba za ta fita hannu rabbana ba, zai zuba masa karatun Alƙur'ani na wani mai daɗin murya da wa'azozi kyauta. Ya ce wa oga ya buɗe ta. Oga ya yi ƙasa da kai ya ce ta kamfani ce, an hana. Shagon cike da mutane. Surukin ya yi dariya, ya juya ga jama'a.

"Ku ji mini. Ni na ɗauki ƙanwata na ba shi, shi yana tsoron in sace mai akwati."

Aka yi dariya. Oga ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage. Ya sa hannu ya buga kalmar, ya miƙa, aka kira la'asar, ya tafi masallaci. Da ya dawo ga karatu an zuba masa, ya yi godiya, ya kashe ta ya sa a jaka. A ransa bai ba kowa kalmar sirri ba, don haka bai karya doka sosai ba.

Ban san lokacin da na fara zazzaga masa ba. Na manta shi ne ogana. Na ce masa mutum ya kwance mana cikinsa, kai ka je ka shimfiɗa shi a kasuwa don kada a ce ba ka da kunya. Na ce ai da ka ce batir ne ya ƙi, da ka ce ka manta kalmar, da ka faɗi ka suma, da duk sun fi. Hawaye kawai yake sharewa da hannun riga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san surukuta, na san yadda harshe ke yin nauyi a gaban wanda ya ba ka mata. Duk da haka na ci gaba da faɗa har maƙwabta suka leƙo.

A ranar muka kama hanyar Warra. Na tafi da niyyar cin mutuncin surukin, amma da muka gaya masa sai ya fi mu kiɗimewa. Bai taɓa kallon bidiyon ba. Ya nuna mana yadda yake aiki, kuma haka duk masu sana'ar suke yi. Duk wayar da aka kawo, duk na'urar da aka jona, sai ya kwashe abin da ke cikinta mai sauti ko hoto ya zuba a rumbunsa, don haja ta ƙaru. Ba ya zaɓa, ba shi da lokacin. Masu saye su ma ba sa zaɓa, cewa suke yi a cika mini, sai ya ɗebo daga sababbin shigowa ya cika. Ta haka tsofaffinmu na Shanga da Ngaski duk suka shiga aljihun mutane, suna bayanin ƙaiƙayi da ruwan ido. Su ba wanda ya damu da su, ana gani ake gogewa. Na Baba ne kawai aka riƙe.

Surukin ya goge komai a gabanmu, yana ta cewa da ya sani, da oga ya gaya masa ciwon mutane ne a ciki. Oga ko a nan bai iya ɗaga ido ya ce ai na ce maka an hana ba. Goge rumbun bai amfana komai ba, abin ya riga ya tsallaka ruwa ya dawo.

Na kira injiniya a waya na gaya masa. Tambayarsa ta farko ita ce ko an sace na'urar. Na ce tana nan. Ya ce ko wani ya fasa makullin. Na ce mai makullin ne ya buɗe da hannunsa. Ya ce to ɓangarensu bai sami matsala ba, makulli ya yi aikinsa. Na ce ko akwai yadda za a bi wayoyin mutane a dagula abin daga can. Ya ce babu. Ya tambaye ni me ya sa oga bai ce a'a kawai ba. Na buɗe baki in yi masa bayanin yayan mata, sai na ga ba zai shiga ba, na kashe wayar. Ba a daɗe ba aka sallami oga aka turo wani daga Birnin Kebbi wanda ba shi da suruki a faɗin Yauri.

A Yelwa abin dariya ne, a Warra kuwa ba wanda ya yi dariya. Mutane suka shiga tuna ranakun da suka shiga jirgin da 'ya'yansu. Wanda ya taɓa jin gogar kututturen bara ya ce ashe. Inna da ta ji, ta ajiye muciya ta zauna, ta yi ta maimaita sunan Allah, ta ce ita da bakinta take tura ni jirginsa. Da ta gane ni ne mai tambayar, kuma na sani na yi shiru, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Shugabannin masu jirgi suka taru, amma ba wanda ya iya zuwa ya ce wa Baba ya daina, don yawancinsu a hannunsa suka koyi ruwa. Sai suka bar wa fasinja hukuncin. Na kuma ji cewa matarsa a gidan suna ta sani. Mata suna zaune ana raba goro, wata ta kunna waya ba ta lura da wadda ke bayanta ba. Aka ce ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki mayafinta ta fita ba sallama.

Sai da na yi kwanaki ina tara ƙarfin hali kafin na iya zuwa wurinsa. Ranar kasuwar tsallake ce, da safe. Kwata cike, ana ta lodin kwalayen kifi banda da buhunan warangi, ƙananan kifin nan busassu. Tun daga nesa na ji muryarsa, yana kiran fasinja kamar kullum, yana ambaton garuruwan tsallake ɗaya bayan ɗaya. Jirginsa a wanke tas, an shimfiɗa tabarmi a kan benci, babu kowa a ciki. Mutane suna wucewa ta gabansa suna gaishe shi da ladabi, ina kwana Baba, sannan su zarce jirgin gaba. Wasu ma sun daina gaisuwar, suna sanɗa a kan yashi don kada ya gane su. Na ga mutanen da da suke roƙonsa gurbi suna yin haka, na ji kunya ta kama ni kamar ni ke sanɗar.

Na durƙusa a bakin jirgin na gaishe shi. Ya gane muryata, ai yanzu duk Warra ta gane ta. Na shirya zagi, na shirya mari ma, da na karɓa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tambaye ni abu guda, ɓarawo ne ko wa. Na gaya masa gaskiya, tun daga batir har la'asar. Ya jinjina kai.

"Yayan matar tasa? To ai ba ya iya ƙi."

Wannan ya fi mari ciwo. Na fara ba shi haƙuri, na ce likitoci suna nan tafe, ana yin aikin ido ya warke, komai zai dawo. Ya ce ido yana iya dawowa. Bai ƙara ba, ya juya ya ci gaba da kiran fasinja, ni kuma na rasa yadda zan tashi in tafi.

Ina nan durƙushe sai hayaniyar kwata ta fara raguwa. Na waiga. Matarsa ce tafe, 'yar gajeriyar dattijuwa, da kwalin kifi a ka, wani a hannu. Ta saba kai kifinta tsallake kowace kasuwa, amma tun ranar sunan ba a ƙara ganinta a waje ba. Ta ratsa tsakiyar mutane ba ta kalli kowa ba. Masu lodin jirgin gaba suka miƙo hannu za su karɓi kayanta, ta wuce su. Ta sauke kwalayen a cikin jirgin mijinta, ta tattare zane ta shiga, ta zauna a bencin tsakiya ta gyara mayafi.

"Malam, tada inji. Rana tana yi."

Na ga wasu mata biyu sun tsaya da kayansu a ka, suna kallon juna. Na san abin da suke tunani, don ni ma shi nake tunani. In wadda ta fi kowa saninsa ta zauna, wataƙila abin bai kai yadda ake faɗa ba. Ɗaya daga cikinsu har ta ɗaga ƙafa ta nufo jirgin. Na ce a raina shi ke nan, ta ceto shi.

Baba ya tashi ya je wurin inji. Ya kama igiyar, ya naɗe ta a hannu. Ya juya fuskarsa wajen ruwa, inda rana ta fara kwanciya. Ya daɗe a haka. Sannan ya saki igiyar.

"Sauka."

"Ba ni sauka."

"Ki sauka ki shiga na gaba, ni ka hwaɗa miki."

Ta ce shekara nawa tana shiga jirgin nan, yau ne zai kore ta a gaban mutane. Ta ce in nutsewa ce su nutse tare. Ba ta motsa ba. Ya tako zuwa tsakiyar jirgin yana dafa benci, ya tsaya a kanta, ya yi magana a hankali, sai dai muryar irin tasa ba ta ɓoyuwa.

"Ba ni ganin ruwan nan. Ba ni ɗaukar ki."

Ya sunkuya ya laluba ya ɗauki kwalayenta da kansa, ya sauka cikin ruwa iya gwiwa, ya kai su jirgin gaba, ya ce wa direban ya ba ta wuri mai kyau nesa da inji. Direban, wanda shi ya koya masa tuƙi, ya karɓa da hannu biyu bai iya ɗaga kai ba. Ita kuwa ta fito tana rufe fuska da mayafi, mata suka kama ta suka shigar da ita.

Baba ya koma jirginsa ya kwance ƙusoshin inji. Na miƙe zan taya shi, ya ture hannuna. Na kasa gane ko tausayinsa nake ji ko tsoro. Matar nan da ta ɗaga ƙafa ɗazu tana tsaye kusa da ni, da goyo a bayanta. Ta sauke kayanta ƙasa, ta bi shi da kallo yana ɗora injin a kafaɗa. Ba da ƙarfi ta yi maganar ba, amma kwata shiru take, kowa ya ji.

"To mu fa, Baba? Mu da ka yi ta ɗauka?"

Ya tsaya cak da injin a kafaɗa, ruwa yana ɗiga daga wandonsa. Na ɗauka zai juyo. Ya gyara riƙo, ya hau tudu ya nufi rumfar kwano.